Amon Kotso Daga Daji Yake Farawa

Mu da muka tashi tsakanin Isa da Sabon Birni, kunnenmu ya san kotso tun kafin mu san baƙi da wasali. Da shi Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa. Yau muna birni muna rubuta manhaja, waƙoƙinsa kuma suna cikin wayoyinmu. Baitocin mun haddace su. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, wane itace ne ke magana a ƙarƙashin muryar?

Wasu mutanen sun daɗe da ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci. A tsibirin Hawayi akwai wata ƙaramar garaya mai tsarkiya huɗu da ake kira ukulele, wadda ta samo asali daga kayan kiɗan da baƙin Madera suka shigo da su a 1879. Masu ƙera ta kan yi gardama a kan itace kamar yadda manoma ke gardama a kan iri. Itacen kowa, ɗan'uwan bagaruwarmu, yana ba da amo mai kaifi. Mahogani, ɗan gidan su maɗaci, nasa amon ya fi taushi da kauri.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa buɗe sauti a kwamfuta. Tsarkiya biyu suna iya kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, su tashi da murya ɗaya. Amma kowace tana tafe da 'yan rakiya, wato ƙananan amo da ke bisanta, kuma jikin abin kiɗa ne ke zaɓen wanda zai fito da wanda zai shanye. Itace mai nauyi da tauri yakan riƙe amo ya daɗe. Marar nauyi yakan amsa da sauri, ya kuma yi shiru da sauri.

A ukulele itacen ne da kansa ke rawa. A namu kayan, fata ce fuska, itace kuma ƙirji. Shi ya sa Ɗan Maraya Jos ya iya sa gwangwanin kifi ya yi magana a kuntiginsa, gurmi kuma ya wadatu da ƙwarya. Kotso da kalangu kuwa kututture suke so, wanda masassaƙi ya rarake da gizago. Alilliba ta yi suna a wannan aiki saboda tana sassaƙuwa, ba ta da nauyi a kafaɗa, kuma tana amsa fata. Kaurin bango da faɗin ciki da bushewar itacen duk suna shiga cikin abin da kunne ke ji a ƙofar fada.

Nan ne hankalinmu ke tashi. Gatarin masu gawayi da fari sun rage manyan itatuwa, dajin da ya saura kuma 'yan bindiga sun raba shi da mutane. Ƙauyuka da dama sun watse, wasu sun tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Masassaƙin da ba ya iya shiga daji zai sassaƙa abin da ya samu a bakin kasuwa. Yaron da ke koyo a hannunsa zai ɗauka haka kotso yake, don bai taɓa jin wani ba.

Sana'armu ta koya mana adana abu a wuri uku don kada ya ɓace, kuma muna yi wa tsofaffin kaset haka. Sai dai duk lokacin da aka matse waƙa don ta wuce ta WhatsApp, 'yan rakiyar nan na cikin abin da ake zubarwa. Saboda haka idan muka sami tsohon masassaƙi, kada mu tsaya ga ɗaukar kiɗa kawai. Mu tambaye shi sunan itacen, da lokacin da ake sara, da tsawon watannin da yake shan inuwa kafin gizago ya taɓa shi, mu rubuta. Wanda kuma ke da fili a bayan gida, ya dasa alilliba. Kotson da za a fitar daga jikinta, jikokinmu ne za su ji shi.