Tsufan Black Sabbath

Masu sauraron kiɗan nan da Turawa ke kira heavy metal sun saba yanke wa ƙungiyar Black Sabbath hukunci guda: wai duk abin kirkin da ta yi yana cikin faya-fayenta shida na farko, daga 1970 zuwa 1975. Ni kuwa, da na shafe fiye da shekara ashirin ina sauraronta tun zamanin kaset, faya-fayen baya ne na fi komawa gare su.

Ƙungiyar ta taso ne a 1968 a Birmingham, birnin masana'antu na ƙasar Ingila. Makaɗin gitarta, Tony Iommi, inji ya datse masa kawunan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Don rage zafi ya riƙa sassauta tsirkiyar gitarsa, sautin ya ƙara nauyi da duhu. Samari ne a lokacin, suna waƙar yaƙi da tsoro da mutuwa, amma mutuwar da suke waƙa labarinta kawai suka ji.

Da aka sallami mawaƙinsu Ozzy Osbourne a 1979, mutane da yawa sun ɗauka ta ƙare. Sai ga Heaven and Hell a 1980, da muryar Ronnie James Dio, murya mai faɗi da natsuwa wadda ta ba kiɗan Iommi sarari ya numfasa. Bayansa an yi zamanin Tony Martin, wanda ya rera Headless Cross a 1989 da Tyr a 1990. Waɗannan sun daɗe babu su a kasuwa, har sai da aka sake buga su a 2024. Wanda ya saurare su zai ji maƙerin da bai bar maƙera ba ko da masu saye sun janye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ayyukan ƙarshe. A 2009 Dio ya rera The Devil You Know tare da su, ƙarƙashin sunan Heaven and Hell; a 2010 ciwon dajin ciki ya yi ajalinsa. An shirya faifan 13, wanda ya fito a 2013, Iommi yana jinyar ciwon daji. Kiɗan ya yi sanyin tafiya, muryar Ozzy ta dushe, kuma faifan ya ƙare da ƙarar ruwan sama da ƙararrawar da suka buɗe na farko a 1970. A nan dattawa ne ke magana kan abin da ya riga ya ƙwanƙwasa masu ƙofa. Ranar 5 ga Yuli 2025 su huɗun farko suka yi wasan bankwana a Birmingham, Ozzy yana zaune saboda cutar Parkinson; ranar 22 ga watan ya rasu.

Mu malamai muna da irin wannan ɗabi'a a aji: mu koyar da aikin da ya fito da marubuci, mu tsallake abin da ya rubuta bayan duniya ta dafa shi. Alhali Victor Hugo ya wuce shekara 50 lokacin da ya fitar da Les Contemplations a 1856, bayan rasuwar ɗiyarsa a 1843. Ko wanda bai son ƙarar gita, ina ganin ya dace ya ba faifan 13 sa'a guda na lokacinsa, ya ji yadda mai sana'a ke tsufa ba tare da ya aje kayan aikinsa ba.