Barcin Tsufa da Haɗin Mai Kemis

A Makarfi da Ikara da Hunkuyi, da wuya ƙarfe ukun dare ya yi a gida babu wanda idonsa biyu. Tsohon gidan ne ko tsohuwar, ana jin tari, ko ƙarar buta, ko rediyo ƙasa-ƙasa. Ni ma na daɗe da shiga sahunsu. Da ƙuruciya, lokacin da muke kwana wajen matsar rake muna dafa mazarƙwaila, in na yada haƙarƙari sai an tashe ni da ƙafa. Yanzu ga katifa ga gidan sauro, amma motsin akuya a turke ya isa ya farkar da ni.

Shekaru sun koya mini cewa wannan farkawar ba lallai cuta ba ce. Masana sun ce wanda ya haura shekara 65 yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 8, kusan daidai da na magidanci. Yanayin barcin ne ya sauya: nauyinsa ya ragu, yana zuwa da wuri, ya tafi da wuri, kuma gutsi-gutsi yake zuwa. To a yi lissafi mana. Dattijon da ya kwanta ƙarfe tara bayan lisha, ya farka ƙarfe uku, ya sami awa shida. Ga ƙailula a zaure, ga gyangyaɗin bayan asuba. In an tara, adadin ya cika. Daren ne kawai ke yi masa tsawo, shi kaɗai da tunanin kuɗin taki da na abokan da suka riga shi. Gari na wayewa sai ya ce, "Jiya ko runtsawa ban yi ba."

Wani abin kuma mu muke jawo wa kanmu. Goro bayan la'asar, shayi mai kauri bayan magariba, duk akwai sinadarin kafin a ciki, wanda sai ya yi kamar awa biyar rabinsa bai gama barin jiki ba. Har Panadol Extra da wasu ke sha saboda ciwon gwiwa akwai shi a ciki. Mai hawan jini kuwa, in maganinsa mai sa fitsari ne ya kuma sha shi da dare, ai shi da buta ne har asuba.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne kemis. Ina da amini, manomin tumatir a wajen Ikara, mutum mai ƙarfi ko da ya manyanta. Wani hunturu mura ta kama shi, ga rashin barci. Ya je kemis ya ce, "Yaro, ba ni na barci." Yaron ya ƙulla masa ƙananan ƙwayoyi a leda, ya ce, "Baba, biyu in za ka kwanta." Ɗansa ya dawo daga kasuwa da maganin mura. Uwargida ta ɗauko ragowar maganin tari na kwalba ta ba shi cokali biyu. Kowa da kyakkyawar niyya. Cikin dare fitsari ya matse shi, ya tashi jiri na ɗibarsa, ya tsuguna fitsarin ya ƙi fita, wajen miƙewa ya faɗi a kan dakali. Da safe yana sambatu, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Har an fara maganar iska, an aika a kira mai ruƙiyya, sai wata 'yarsa ta dage a tafi asibiti. A can aka sa masa robar fitsari, ma'aikaciyar jinya ta ce a kawo duk abin da ya sha. Ta jera su a kan tebur, ta dube shi ta ce, "Baba, ai abu ɗaya ka sha sau uku." Hankalinsa ya dawo bayan kwana biyu. Ƙashin ƙugun da ya karye kuwa shi ya raba shi da fadama.

Jikata da ta yi karatu a Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris a nan Makarfi ita ta warware mini. Piriton, da Phenergan, da sinadarin difenhaidiramin da ke cikin wasu magungunan tari, duk 'yan gida ɗaya ne, kuma yawancin magungunan mura na ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Don ƙaiƙayi da atishawa da amai aka yi su, barcin da suke sawa ɓarin aikinsu ne. Kamar manomi ne ya zuba wa masara yuriya daga buhu uku don ya ga sunayen buhunan sun bambanta. Suna busar da baki, su ɗaure ciki, su dishe gani, su rikita tunani, su riƙe fitsari, musamman ga namijin da ƙululun nan na ƙasan mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet, ya kumbura masa da tsufa. Hanta da ƙodar tsoho kuma ba sa wanke magani da sauri, abin da saurayi ya sha ya wartsake da asuba, kakansa zai kai hantsi da shi a jiki. Tun 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, har yau ana sabunta shi, kuma waɗannan suna ciki. Abin takaicin ma, cikin 'yan kwanaki jiki ke sabawa da su, barcin ya daina zuwa, illar ta zauna, mutum ya ƙara ƙwaya.

Sai kuma ƙwayoyin sa barci, Valium da Lexotan. A doka ba a sayar da su sai da takardar likita, amma kowa ya san ana samu. A majalisa mu ne kan gaba wajen tsine wa shaye-shayen samari. Mun yi ta sa albarka a 2018 da gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC. Alhali wani daga cikinmu akwai Valium ƙarƙashin matashinsa, ga tiramadol na ciwon baya, bai san haɗa su na iya rage numfashi har mutum ya wuce cikin barci a ce ajali ne ba. Ajali gaskiya ne, amma ana binciken sababi. Wanda ya riga ya daɗe yana shan irin waɗannan kuma kada ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

Ba na ɗora wa mai kemis duka laifin. Shi ke kusa, shi ke ba da bashi, kuma a ƙauyukan Kudan da yawa shi za ka samu a buɗe da dare. Abin da ba na yarda da shi shi ne haɗin nan na leda, ja da fari da rawaya, babu kwali babu suna. Ni dai in ba a cikin takardarsa magani yake ba, ba na karɓa. Rashin barcin da ya cancanci asibiti kuwa a bayyane yake: minshari mai yankewar numfashi, gyangyaɗi ana tsakiyar magana, yawan fitsari tare da ƙishirwa, ko ƙuncin zuciya da ya ƙi tafiya bayan rasuwa. Waɗannan sai a je babban asibiti, in ta kama a tura mutum asibitin Shika.

'Ya'yanmu na birni su ma su ji. Na Kano ya aiko da nasa maganin, ta Kaduna ta aiko da nata, ga jiƙon da maƙwabciya ta kawo, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya aiko. A gidana mutum ɗaya na sa ya riƙe ledar magani, shi ke ba ni, kuma ranar ganin likita da ledar gaba ɗaya muke tafiya, har da kwalbar jiƙon.