Gurbin da ke saman fom

A hunturun farkon shekarar 2021, kafin a kira assalatu, layi ya riga ya ɗauru a bakin wani shago da ke kan titin da ya ratsa Gwarzo. A watan Disamban da ya gabata ne gwamnatin tarayya, ta bakin Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami, ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ko kuma a rufe shi. Mutanen Getso da Kutama da Lakwaya, har da na Garo da Gude ta ɓangaren Kabo, suka yi ta kwararowa a kan babura, kowa da tsoron kada wayarsa ta zama ƙarfen banza. A cikin shagon akwai wani saurayi da bai daɗe da kammala difloma a fannin kwamfuta ba, gabansa na'urar ɗaukar zanen yatsu da 'yar kyamara da farin ƙyalle a bango. Aikinsa shi ne ya tambayi mutum ko shi wane ne, ya zuba amsar a cikin gurabe.

Tambayar farko ita ce mafi sauƙi a ganin kowa, kuma ita ce ta fi ba shi wahala. Idan aka ce wa Bahaushe "Yaya sunanka?", da sunansa na yanka yake farawa, ya bi da na mahaifinsa, in ya ga dama ya ƙara da na kaka ko na garinsu. Fom ɗin kuwa daga ƙarshe yake farawa. Gurbin da ke sama na sunan zuri'a ne, irin wanda Bature ke gada daga kakan kakansa ya kuma bar wa jikokinsa, sannan sunan mutum, sannan na tsakiya. Saboda haka duk wanda ya zauna a kujerar, sai saurayin ya riƙe sunaye uku a ka, ya juya su, ya yanke shawarar wanne ne zai hau sama, alhali bayansa mutum ɗari na ƙorafin rana ta yi.

Matsalar ta wuce ta jeri. Abin da gurbin saman yake nema babu shi a al'adar sanya suna ta Hausawa. Sunan mahaifi yana canzawa da kowane ƙarni: ɗan Musa zai ɗauki Musa, amma jikan Musa ba zai ɗauka ba. Shi ya sa tun zamanin makarantun boko na farko aka samo dabarar liƙa sunan gari. Malam Aminu ɗan Malam Yusufu ne, amma duniya ta san shi da Aminu Kano. Haka Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Rimi. A wannan yanki ma ba sai an je nesa ba: Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo, mataimakin gwamnan Kano daga 2007 zuwa 2011, sunaye huɗu gare shi, kuma fom mai gurbi uku sai ya zubar da ɗaya ko ya cusa biyu wuri guda. Marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo ya ɗauki sunan garinsu har ya rubuta shi a jikin jiragen sama. To wanne ne sunan zuri'ar? Makarantar firamare za ta ce na mahaifi. Banki, wanda ya fara ba da lambar BVN tun 2014, zai rubuta abin da aka faɗa masa ranar. Mai neman aiki a Legas yakan zaɓi sunan gari domin a san inda ya fito. Kowanne daidai ne, kuma mutum guda yana iya riƙe da duka ukun a aljihu ɗaya ba tare da ya yi wa kowa ƙarya ba.

Wata Talata gwaggonsa ta zo daga Kabo tare da 'yarta, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare. A shekarar ce hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga duk mai son rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ya shigo da su ta ƙofar baya, abin da bai dace ba amma kowa ke yi.

"Gwaggo, sannu da hanya. Bari mu fara da ke. Wace shekara aka haife ki?"

"Kai ɗan nan, ina na sani? An dai ce ina goye aka koma hannun dama."

Wannan amsa ce mai kyau ƙwarai, domin Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, kuma jaririyar da ke goye a lokacin ba za ta wuce haihuwar 1970 ko 1971 ba. Dattawan da suka zauna a kujerar nan sun ba shi irinta da yawa: shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, wato 1973, shekarar Udoji, 1974, damina biyu bayan kashe Murtala. Waɗansu sunansu ma kalanda ne. Talatu da Ɗanjuma sun san ranar mako, Azumi ta san wata. Abin da babu shi ne rana da wata da shekara a jere da lambobi takwas. Fom ɗin takarda ya yi hangen wannan, domin yana da wurin nuna ko an tabbatar da ranar da takarda, ko faɗar baki ce, ko kintace. Sai dai alamar kintacen ba ta bin mutum zuwa banki ko ofishin fansho. Can lamba kawai ake gani, kuma lamba ba ta nuna shakka. Ya rubuta wa gwaggonsa 1 ga Janairu, kamar yadda ya rubuta wa wasu da dama a makon. A Maraɗi, tsofaffin takardu na Faransanci sukan ce kawai an haifi wane wajajen shekara kaza, kuma a Indiya katin Aadhaar yana iya ɗaukar shekarar haihuwa ita kaɗai. Duka biyun sun fi kusa da gaskiya fiye da garin da rabin tsofaffinsa suka zo duniya ranar sabuwar shekarar Nasara.

Sai aka zo kan yarinyar. Ya san ta tun tana rarrafe, don haka bai tambaye ta komai ba. Ya sa sunan garinsu a gurbin sama, domin haka shi kansa yake rubuta nasa, ya sa sunanta, ya sa na mahaifinta a tsakiya. Sunan nata yana da ɗan wakafin nan na sama irin na Sa'adatu da Hauwa'u da Rabi'atu, sai ya cire shi, saboda ya saba da manhajojin da ke ƙin karɓarsa. Duk abin bai kai minti goma ba. Gwaggo ta sa masa albarka, ta ajiye masa ƙullin ƙuli-ƙuli.

A rajistar makarantarta kuwa sunan mahaifi ne a sama, babu sunan gari ko kaɗan, kuma da shi ta rubuta jarrabawar kammala sakandare. Da ta ci jarrabawar shiga jami'a aka zo tantance takardu, sai ga 'yan mata biyu a kan tebur: ɗaya mai sakamako, ɗaya mai lamba. Jami'in da ya duba bai yi laifi ba da ya ce a je a daidaita. Daidaitawar ce ta ɗauki takardar rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, da zuwa Kano ba sau ɗaya ba, da jira. Kafin sunan ya gyaru a inda ya kamata ya gyaru, an rufe karɓar ɗalibai. Ta zauna shekara guda a gida, kuma duk wanda ya san ƙauye ya san irin maganar da ake fara yi wa uwa idan budurwa ta gama sakandare tana zaune.

Gwaggon ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Da ya je Kabo ba da haƙuri, cewa ta yi, "Haba ɗana, kai ka ƙera injin?" Shi dai ya san ba injin ne ya zaɓi sunan gari ba.

Daga baya, da ya shiga aikin gina manhajoji, ya fahimci abin da ya fi ba shi haushi: yawancin wannan wahala ba dole ba ce. A manhajar kula da bayanan shaida, rumbun da ake ajiye bayani daban yake da fuskar da ma'aikaci ke gani. Rumbu yana iya ci gaba da ajiye sunan zuri'a a matsayin na farko, amma a fuska a jera guraben yadda baki ke furta su. Ana iya sauya rubutun da ke kan gurbi, ya zama tambaya da Hausa: "Wane suna ne ke kan takardun makarantarki a matsayin na ƙarshe?" Ana iya ɓoye gurbin rana da wata idan an zaɓi kintace. Ana iya cire jan tauraron tilas daga kan lambar gida, a garin da adireshi shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai unguwa. Ana iya barin ɗ da ƙ da ɓ su shiga, a ajiye wani rubutun na dabam mara ƙugiya domin fasfo, tunda layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar komai sai baƙaƙen Turanci da lambobi, kuma gurbi 39 kacal suka ware wa suna. Manhajar MOSIP, wadda aka gina a Bangalor kuma ƙasashen Maroko da Filifin da Habasha suka ɗauka, an tsara ta ne ta yadda kowace ƙasa za ta shimfiɗa nata fom ɗin a fayil guda ba tare da an taɓa injin ciki ba. Aadhaar ma, da ke ɗauke da mutum fiye da biliyan ɗaya, gurbi guda ya ware wa cikakken suna.

Gaskiya ne akwai hujjar masu son fom ɗaya ga kowa. Hukumar NIMC, wadda dokar 2007 ta kafa, tana hidima ne ga Bayarabe mai sunan zuri'a na gaske da Bahaushe mara shi, kuma duk sassaucin da aka yi wa mai gaskiya ƙofa ce ga mai son rage shekaru ko riƙe suna biyu. Amma juya jerin gurabe a fuskar kwamfuta ba ya buɗe wa ɓarawo komai. Zanen yatsu ne ke kama mai rajista biyu, kuma yatsu ba su damu da wane suna ne ya hau sama ba.

Tun kafin ya san wannan duka, a watanninsa na ƙarshe a shagon, ya yi abin da ke hannunsa. Ya samo kwalin sabulu, ya rubuta tambayoyi huɗu da Hausa da babban baƙi, ya liƙa a bango inda mai layi zai gani. Ta farko: kana da wata takarda, ta makaranta ko ta banki? Fito da ita kafin ka zauna. Ya kuma ɗora wa kansa dokar karanta wa kowa sunansa da ƙarfi, gurbi bayan gurbi, kafin ya danna aikawa. Hakan ya rage yawan mutanen da yake yi wa rajista a rana, mai shagon ya yi magana, domin a kan kai ake lissafin kuɗi.

Yarinyar ta samu gurbin karatu a shekara ta biyu. Bara, wata ƙungiyar manoma a yankin ta nemi ya tsara mata fom ɗin rajistar mambobi a waya, domin rabon taki. Ya jera shi: sunanka, sunan mahaifinka, sunan da aka fi saninka da shi, garinku. A ƙasa ya ƙara gurbi na biyar, wanda ke neman suna daidai yadda yake a takardar NIN, harafi da harafi, ko da mai shi yana ganin kuskure ne. Sakataren ƙungiyar ya duba ya ce fom ɗin ya yi tsawo, a cire ɗaya. Suka yi ta ja har la'asar, daga ƙarshe aka cire sunan gari.