Dingyaɗi: Kafin Ka Sayi Katin Wi-Fi

Duk wanda ya bar Sakkwato ya yi kudu a kan titin da ya ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal, ƙasar malamai yake takawa. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Alhaji Shehu Shagari ma malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. A wannan yanki Dingyaɗi take, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, tsakiyar gonakin gero da dawa.

Ɗaliban da suka gabace ku sun sha tafiyar ƙasa don su kwafi littafi guda. Ku kuwa jarrabawar JAMB ke jiran ku, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta. Shi ya sa za ka ga yaro ya samu laftof ta hannu daga wurin yayansa, yana murna, amma ta ƙi kama intanet. Sau da yawa laifin na katin Wi-Fi ne, wani ɗan falle da ke cikin cikinta.

Abu na farko, wannan kati ba ya kawo intanet da kansa. Kunne ne kawai, sai an yi magana zai ji. A gari irin Dingyaɗi, intanet daga turakun kamfanonin waya take zuwa, ta shiga wayarka ko ƙaramar na'urar MiFi mai layi, sannan laftof ta ɗauka. Saboda haka ka zagaya gidanku da waya, daga zaure zuwa tsakar gida, ka ga ko MTN ne ya fi ƙarfi, ko Airtel, ko Glo. In sabis babu, kati komai tsadarsa aikin banza ne.

Katin iri biyu ne. Akwai na ciki, wanda sai an kwance laftof. Tsofaffin laftof ramin mini PCIe gare su, sababbi kuma M.2, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Wasu tsofaffin HP da Lenovo ma ba sa karɓar katin da kamfaninsu bai amince da shi ba. Akwai kuma na waje, wanda ake soka shi a ramin USB kamar filash. Ga ɗalibi, shi ya fi sauƙi da araha.

Sai ka duba kwalin. In an rubuta 2.4 GHz, ya fi cin nisa da ratsa bango, abin da ke da amfani a gidan ginin ƙasa mai kaurin katanga. Shi 5 GHz ya fi sauri, amma sai kana kusa. Wanda ya haɗa biyun ya fi, in aljihu zai ɗauka. Katin Wi-Fi 5 ya ishi mai karatu. Na Wi-Fi 6 ba zai ƙara maka sauri ba muddin wayarka ba ta kai shi ba.

Ka tambayi mai shago ko katin zai tashi a Windows ɗinka ba tare da an sauke masa manhaja ba, domin mai neman intanet ba shi da hanyar saukewa. In za ka shiga Sakkwato saye, ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka kafin kuɗi su bar hannunka. Kuɗin da Baba ya sayar da buhun gero ya ba ka sun fi ƙarfin a saye da ka.