Abin Da Ke Ƙarƙashin Bonet

Motar marigayi Baba Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, inda aka fara haɗa irinta a 1975. Da ta dawo hannuna, sai mai fenti ya ce, "Malam, bari in feshe ɗakin injin da baƙi, kowa ya huta." Na ce a'a. Mako uku na yi ina kankare maiƙo da kananzir da tsohon buroshi, har fentin asali, ruwan madara, ya fito, tare da farantin lambar shasi. Abokaina suka ce wa zai ɗaga bonet ya duba? Gaskiyarsu. Amma malamanmu sun hore mu kada mu ɗora alƙalami a kan tsohon rubutun ajami. To, wannan ma rubutu ne, kuma kowace safiya Baba yakan duba shi.