Gadon da Ke Ɗauke da Ajali

Aikin gidan tarihi shi ne ya adana abu yadda ya gaje shi. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, wani gadon yana tafe da ajali. Tsofaffin jiragen ƙasa masu aiki da tururi, irin waɗanda ke jere a gidan tarihin jiragen ƙasa na York a Ingila, an saba naɗe tukunyarsu da asbestos domin tsare zafi. A tsofaffin motoci kuwa, yana cikin birki da kuloci.

Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999, amma cututtukansa na kashe kimanin mutum 5,000 duk shekara a can, domin sankarar da yake haddasawa kan yi gomman shekaru kafin ta bayyana.

Mai karatu zai ce, a cire shi mana. A nan gizo ke saƙar. Asbestos ɗin da ke zaune ba a fasa ba, haɗarinsa kaɗan ne. Masifar tana cikin ƙurar da ake shaƙa, kamar lokacin da makanike ya hure tsohon birki. Shi ya sa dokar 2012 ta wajabta wa mai kula da gini ya gano inda yake, ya rubuta, ya riƙa dubawa, ya kuma sanar da duk ma'aikacin da zai taɓa wurin.

Mu ma muna da silin asbestos a tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati. A ganina, kafin kafinta ya ɗaga guduma, haƙƙinsa ne a gaya masa abin da ke bisa kansa.