Idan Ƙofar Nesa Ta Rufe, Zauren Wa Zai Cika?



Wannan makon ba alƙalami za mu tattauna ba, maganar baƙin gidanmu ce muka kawo.

A tsakiyar damina suka iso mana Tambuwal daga wani ƙauye na ƙasar Kebbe, su tara: ƙanwar kakarmu, surukarta da yara bakwai. Kayansu bai wuce ƙullin zane biyu da tukunya da akuya ɗaya ba. Gero ya fara kai a gona suka baro shi, domin 'yan bindiga sun aza wa garin kuɗin da ba su da shi. Aka share ɗakin ajiya, samari suka koma kwana a zaure, tuwon mutum goma ya zama na goma sha tara. Ba wanda ya rubuta sunansu a wata takarda. A unguwa cewa ake "mutanen gidan wane sun zo", shi ke nan.

Wani dare muna sauraren rediyo aka kawo labarin 'yan gudun hijira da Amurka. Inna ta tambaya ko da su ake. Muka rasa amsa, sai muka shiga bincike, ga abin da muka fahimta.

A dokar duniya, wato yarjejeniyar 1951, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa. Mutumin Sabon Birni ko Isa da ya gudu jihar Maraɗi, kamar yadda dubbai suka yi tun 2019, yana cikin wannan lissafi. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa da yawa rajista, har ta kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ita kuwa Inna, da ta gudu daga Kebbe zuwa Tambuwal, ba ta tsallake iyaka ba. Tsoron ɗaya ne, yunwar ɗaya ce, amma takardar daban.

Hanyoyi uku aka sani na kawo ƙarshen gudun hijira: mutum ya koma gida, ko ya zama ɗan gari inda ya sauka, ko wata ƙasa ta uku ta ɗauke shi ta tsugunar da shi. Wannan ta ukun dama ƙunci gare ta, domin ko kashi ɗaya cikin ɗari ba sa samunta a shekara. Yanzu kuma ita ce ake ta ƙara matsewa. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu aka dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira na Amurka, har waɗanda aka gama tantancewa aka yanka musu tikitin jirgi suka tsaya cak. A watan Oktoba aka sanar da cewa mutum 7,500 kacal za a karɓa a shekara, maimakon 125,000 na da, kuma mafi yawan guraben na Turawan Afirka ta Kudu ne. A Nuwamba ita ma Birtaniya ta bayyana shirin mayar da mafaka ta wucin gadi, mutum ya jira har shekara 20 kafin ya sami zaman dindindin.

Wani zai ce ina ruwan Bakabe da jirgin Amurka? Mu ma haka muka fara cewa. Amma ruwa in aka tare masa hanya ɗaya, sauran yake bi. Idan ta uku ta toshe, nauyin kan koma kan biyun farko. Ko dai a matsa wa mutane su koma gida tun ƙura ba ta lafa ba, ko a bar su a wuyan masu masauki, waɗanda su ma da ƙyar suke kaiwa gobe. Ga shi a shekarar da aka rufe wannan ƙofa aka zabtare kuɗin agaji, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi ta kukan cewa rumbunta a arewacin Nijeriya ya kusa ƙarewa. Mun kuma ga yadda gwamnatin Borno ta rufe sansanonin Maiduguri tun daga 2021, wasu suka ji daɗin komawa, wasu suka tarar gonakinsu ba sa shiguwa.

Wato dai mai tsugunar da mutane na gaskiya a ƙasar nan shi ne magidancin da ya raba buhunsa biyu, da matar da ta ƙara ruwa a miya ba ta ce uffan ba. Ba mu faɗi haka don yabon kai ba. Gaskiya ita ce zama ya fara tsami. Akwai ranar da aka yi cacar baki a kan sabulu, akwai daren da muka ji surukar Inna tana kuka a bayan ɗaki saboda wata magana da ɗayanmu ya yaɓa mata. Yara uku har yanzu ba su shiga makaranta ba. Zumunta tana da ƙarfi, amma ba ta gina aji, ba ta ba da fili.

Da muka gama yi wa Inna bayani, sai ta ce: "Ɗiyana, ni ba Amurka nika so ba. Gonata nika so." Muka ce in an ce ta koma gobe fa? Ta yi shiru, can ta ce: "Wa za shi kwana bakin gari?"

Tsakanin waɗannan maganganu biyu nata duk wata manufa ta gwamnati take, ta Abuja ce ko ta Sakkwato ko ta ƙetare. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasa, kuma ita ta ce komawa gida sai da yarda da aminci. Haƙƙinmu ne mu riƙa tuna wa shugabanni wannan, mu nemi a ƙidaya waɗanda ke zaune a gidajen dangi, ba na sansani kaɗai ba.

Mu jikokin masu hijira ne. Daga Degel zuwa Gudu Shehu ya tashi a 1804, kuma da ba a sami masu buɗe ƙofa ba, da tarihinmu ya canza. Don haka, 'yan uwa, kafin mu kai jarumin labarinmu Dubai, mu leƙa zaurenmu. Mu zauna da baƙinmu, mu nemi izininsu, mu rubuta abin da suka baro da abin da suke ci yau, ba tare da mun tona musu asiri ba. Wanda ba a rubuta ba, ba a lissafa shi ranar rabo.

Akwai baƙi irin waɗannan a unguwarku? Ku ba mu labari a ƙasa.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya saka wa masu masauki da alheri.